Haƙƙin Mawaƙi a Ƙasar Adar: Abin da Doka ta Ba Shi da Abin da ke Isa Hannunsa

A gundumomin Madawa da Buza da Keita na ƙasar Adar, a jihar Tawa ta Nijar, abincin makaɗi tun fil azal yana fitowa ne daga kyautar da ake yi masa nan take, a filin kokawa ko wajen biki ko ƙofar fada. Wannan tsari ya wadatar muddin waƙa ba ta rabuwa da bakin mai ita, amma tun da aka fara ɗaukar murya a kaset, daga baya kuma a wayar salula, waƙa ta koma haja da masu turi ke lodawa a katin waya ranar kasuwa, su karɓi 'yan kuɗinsu, alhali wanda ya tsara ta bai ga ko dala ba.

Doka ba ta yi shiru ba. Nijar ta shiga Yarjejeniyar Bern tun 1962, wadda ta wajabta kare aikin mawallafi tsawon rayuwarsa da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, kuma dokar ƙasa ta 23 ga Disamban 2010, wadda ta maye gurbin ta 1993, ta haɗa haƙƙin mawallafi da abin da ake kira haƙƙoƙin makwabtaka, wato rabon mai rerawa da makaɗa da wanda ya ɗauki nauyin naɗar sautin. Hukumar BNDA, da aka kafa a 1995, ita ce ke karɓar kuɗi daga gidajen rediyo da wuraren shagali ta raba wa mawaƙan da suka yi rajistar ayyukansu.

Misali mafi kusa ya fito daga arewacin jihar Tawa ɗin kanta. Mdou Moctar, mai kaɗa jita ɗan wannan yanki, ya naɗi kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har ƙasar Mali ba tare da an sayar da su a hukumance ba, sai da Ba'amurke Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ji ɗaya, ya bi sawun mai ita, sannan aka fitar da ita a faifai a 2011 bisa yarjejeniyar da ta ba mawaƙin rabonsa. Hazaƙar tana nan tun farko, abin da ya ƙaru shi ne an san sunan mai waƙar kuma an ƙulla magana da shi.

Nan ne aikin lauyan harkar waƙa yake, kuma mafi yawansa ba a gaban alƙali ake yin sa ba. Shi ne zai fayyace a rubuce wa ya tsara baitoci, wa ya ƙirƙiri kiɗan, mene ne rabon 'yan amshi da mai kalangu, sannan ko mai situdiyo an biya shi ladan aiki ne kawai ko kuwa ya mallaki sautin da ya naɗa. Shi ne kuma zai bambanta sayar da haƙƙi ɗungurungum da ba da izinin amfani na wani ƙayyadadden lokaci, domin a wannan gaɓa ce mawaƙin da bai yi karatun boko ba yake dangwala yatsa a takardar Faransanci ya rabu da gadon 'ya'yansa. Abin takaici shi ne akasarin lauyoyin Nijar suna Yamai, nesa da mai gurmin Buza, wanda kuɗin motar zuwa can kaɗai ya fi abin da waƙar ta taɓa kawo masa.