Filin Gida Ɗaya, Ƙofa Shida: Cunkoson da ke Raba Kan Maƙwabta a Arewacin Zamfara

Duk wanda ya daɗe bai bi hanyar Gusau zuwa Ƙaura Namoda ba, idan ya doshi garin yau zai ga bulo da kwano a wuraren da ya san gero da dawa. Haka abin yake a gefen Shinkafi da Zurmi. Garuruwan uku suna kumbura, kuma ba don an buɗe masana'anta ko an gano wani sabon arziki ba. Tsoro ne ya kwaso mutane daga ƙauyuka ya jibge su a bakin gari.

Ƙaura ta saba da baƙi. Tun da layin dogo ya iso ta daga Zariya a 1929, ta zama matattarar masu sayen gyaɗa da auduga da ma'aikatan jirgi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983 ta kawo ɗalibai da malamai, da su kuma gidajen haya masu ɗaki-ɗaki. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Ƙaura tana da mutum wajen 280,000, Zurmi wajen 290,000, Shinkafi kuwa wajen 135,000. Mafi yawansu a karkara suke a lokacin. Hare-haren 'yan bindiga na fiye da shekara goma sun sauya wannan lissafi, domin ƙauyuka da yawa sun watse, kuma galibin waɗanda suka gudo ba sansani suka shiga ba. Wasu na raɓe a gidajen 'yan'uwa, wasu a kangwaye da makarantu. Mai ɗan abin hannu ya sayar da sa ko tumaki ya nemi fili.

A nan dillalan filaye suka shigo. Fulotin da hukuma ta saba yankawa ƙafa 50 ne a 100. Amma gonar gado da magada suka raba ba ta jiran ma'aunin hukuma: a kawo igiya, a kafa turaku, a yanka rabi ko kwata, yadda aljihun mai saye zai iya ɗauka. Wannan shi ne awon igiya, wanda Kano ta daɗe tana fama da shi a unguwanninta na bayan gari. Kowace ƙafa kuɗi ce a wurin mai yanka, don haka hanya ce take fara shan wuƙa. Sai a bar lungun da babur biyu ba sa giftawa, balle motar kashe gobara. Ba a maganar filin makaranta ko na makabarta.

Tsofaffin mazauna shiyyoyin, waɗanda suka gina manyan gidaje da zaure da tsakar gida mai faɗi, su ne ke kai kuka wurin mai unguwa. Kuskure ne a ɗauka rowa ce kawai ke sa su magana.

Babban kokensu ruwa ne. Inda aka saba da masai ɗaya da rijiya ɗaya da tazara a tsakaninsu, yanzu iyali shida ne, kowa da raminsa. Ƙasar yankin mai yashi ce, ƙazanta na tsatsafowa cikin rijiyar maƙwabci ba tare da kowa ya gani ba, sai damina ta sauka amai da gudawa ya bayyana. Zamfara ta sha wannan annoba a 2021 da 2023. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta sanar a 2024 cewa yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar da ta auna a ƙananan hukumomin biyu yana fama da tamowa. Yaron da yunwa ta riga ta rarake ba ya jure gudawar kwana biyu. Ga kuma kwata: wanda ya gina a kan hanyar ruwa ya tura ambaliya gidan wani.

Akwai batun sutura. Idan fili ya yi kaɗan, sai a hau sama, kuma tagar bene tana kallon tsakar gidan da mata ke daka da wanki. Wannan tsohuwar shari'a ce a ƙasar Hausa. Fiƙihun Malikiyya ya hana mutum buɗe taga ko ƙofar da za ta tona cikin gidan maƙwabcinsa, kuma tun a ƙarni na 19 Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Khalid ya tattara hukunce-hukuncen irin waɗannan rigingimu na gini da hanya da magudanar ruwa.

Koke na uku shi ne mafi ɗaci, kuma a ɓoye ake yin sa: wa ya san baƙin nan? A garin da aka shigo har cikinsa aka ɗauki mutane, kamar yadda Zurmi ta gani a ƙarshen 2023 da kuma 2024, kowane baƙon ɗan haya ana masa kallon infoman 'yan bindiga. Ana iya fahimtar wannan tsoro, amma zalunci ne a ɗora shi kan bazawarar da aka kashe mijinta a gona, ta iso da goyo da tabarma ɗaya.

Rigimar ba ta Zamfara kaɗai ba ce. A Amurka masu manyan gidaje sun daɗe suna hana a gina gidaje masu ɗaukar iyalai da yawa kusa da su, har birnin Minneapolis ya yanke shawara a 2018 ya ba da damar iyali uku su zauna a filin da a da doka ta keɓe wa iyali ɗaya. Bambancin shi ne can a zauren majalisar birni ake kokawar kafin a aza tubali. A nan sai gini ya kai linta maƙwabci yake sanin abin da ake shiryawa.

Doka kuwa tana nan. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izininsu. Bakin gari ya faɗa tsakanin biyun, shi ya sa takardar da akasarin masu saye ke riƙewa ita ce ta ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Jihar tana da hukumar tsara birane da kuma ZAGIS mai rajistar filaye, sai dai igiyar dillali ta fi su sauri.

Hana cunkoso ba zai yiwu ba matuƙar ƙauyuka ba su zaunu ba, kuma wanda aka hana ƙaramin fuloti kango zai koma, inda babu ko masai. Abin da ke hannun hukuma da masarautun Ƙaura da Zurmi da Shinkafi shi ne su riga dillali isa gona. A fitar da hanya mai faɗi da magudana tun kafin a sayar da ƙafa ɗaya, a ware filin makaranta da na rijiyar burtsatse nesa da ramukan masai, a amince da ƙananan fulotai a hukumance a ba su takarda mai sauƙin kuɗi, sannan a sa wa mai bene sharaɗin inda tagarsa za ta kalla. Hakimi na iya ƙin sa hannu a kan duk cinikin da bai bar hanya ba, kuma wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi daga Gusau.