SABABBIN KYAMARORIN BIDIYO: YADDA KAMFANONI KE JERA HAJARSU HAWA-HAWA

MAIDUGURI. Masu shagunan ɗaukar hoton bidiyo na unguwar Bolori da kan hanyar Baga, kamar takwarorinsu na Zoo Road a Kano, sukan kasa kunne sau biyu a shekara: cikin watan Afrilu, lokacin baje kolin NAB a birnin Las Vegas na Amurka, da kuma cikin Satumba, lokacin na IBC a Amsterdam ta ƙasar Holan. A daidai waɗannan lokuta ne kamfanoni suka saba bayyana sababbin kyamarori, kafin nan kuwa raɗe-raɗi kan cika kasuwa. Tambayar da ke gaban mai jari ita ce, ya sayi wadda ke kanti yau, ko kuwa ya jira wadda ake cewa tana tafe?

Amsar tana cikin fahimtar yadda kamfanonin ke jera hajarsu hawa-hawa, domin ba a kan tsautsayi suke yi ba.

A ɗauki kamfanin Sony na ƙasar Japan. Ya fitar da FX9 a 2019 a kan kimanin dala 11,000, da FX6 a ƙarshen 2020 a kan dala 6,000, da FX3 a farkon 2021 a kan dala 3,900, sa'an nan FX30 a 2022 a kan dala 1,800. A can sama kuma akwai Burano, wadda aka bayyana a 2023 a kan dala 25,000. Wanda ya dubi wannan jeri zai zaci kyawun hoto ne ke ƙaruwa daidai da kuɗi. Ba haka abin yake ba. Idon kyamara, wato ɗan farantin lantarkin nan da ke karɓar haske, kusan iri ɗaya ne a cikin FX3 da FX6, kuma mai kallo a gida da wuya ya bambanta hoton wannan da na waccan. Rarar dala 2,100 da ke tsakani kuɗin wasu abubuwa ne dabam: labulen rage haske da aka gina a cikin FX6, da kafar wayar SDI wadda gidajen talbijin ke aiki da ita, da jiki mai yalwar maɓallai wanda ma'aikaci zai yini da shi a hannu. Haka kamfanin Canon ya yi a 2024, inda ya sa ido iri ɗaya a C400 mai dala 8,000 da C80 mai dala 5,500, ya bambanta su ta wajen katin ajiya da saurin ɗauka da yawan kafofi.

Masana tattalin arziki suna kiran wannan dabara rarraba masu saye. Kuɗin bincike da ƙera idon kyamara sau ɗaya ake kashe shi, kuma yana da yawa ƙwarai. Saboda haka kamfani ya fi son ya sayar da abu guda ga mutane iri uku, kowa a kan abin da aljihunsa zai ɗauka. Don kada gidan talbijin mai kuɗi ya sauko ya sayi ta masu biki, sai a cire wa ƙaramar wani abu guda wanda babban ba zai iya aiki ba sai da shi. Sau da yawa ma abin da aka hana ƙaramar ba ƙarfe ba ne, umurni ne kawai a cikin manhajarta, shi ya sa akan ga kamfani ya buɗe shi kyauta bayan shekara biyu idan abokin gasa ya matso.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tsofaffin ma'aikatan talbijin za su tuna yadda Sony ya raba Betacam SP gida uku, BVW na manyan tashoshi, PVW na matsakaita, da UVW na masu ƙaramin ƙarfi. Sai da tsarin DV ya fito a 1995 tare da VX1000 kafin katangar ta fara tsagewa. A wancan zamani kuwa finafinan Hausa, waɗanda akan fara lissafinsu daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, da kyamarorin kaset na VHS aka soma su, wato daga can ƙasan tsani.

Dangane da abin da ke tafe, ana iya yin hasashe daga abin da ya riga ya faru. A 2024 kamfanin Nikon ya saye kamfanin RED na Amurka a kan kimanin dala miliyan 85, cikin Satumbar 2025 kuma ya fitar da ZR a kan dala 2,200. A cikin watan ne Canon ya fitar da C50 a kan farashin da ya yi daidai da na FX3, bayan Sony ya riga ya kawo FX2 cikin Mayu. Shi kuwa Blackmagic na Ostareliya tun 2018 ya karya farashi da Pocket 4K mai dala 1,295. Wannan ya nuna cewa kokawar ta koma tsakanin dala 2,000 da 4,000, kuma a nan ne ya kamata a sa ran abubuwan da ke hawan sama za su riƙa saukowa. Sai dai da wuya wani kamfani ya zuba wa ƙaramar kyamara duk abin da ke cikin babbarta, domin yin haka kashe kasuwar kansa ne. Mai jiran FX6 a farashin FX30 zai daɗe yana jira.

Ga ɗan kasuwar Bolori kuwa, lissafin na da wani gefe wanda masu raɗe-raɗin Turai ba su san da shi ba. Da dala yake saye, da naira yake karɓar kuɗin aiki. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin canji a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a hukumance, kimanin 750 a kasuwar bayan fage. A 2024 ta haura 1,500. Ke nan kyamarar dala 3,900 da za a samu a ƙasa da naira miliyan 3 a wajen 'yan canji, ta koma kusan miliyan 6 ba tare da kamfani ya ƙara ko sisi ba. Wanda ya jinkirta saye a wannan tsakani yana jiran sabon samfuri, hasarar da canji ya jawo masa ta ninka duk wani rangwame da zai samu.

Bugu da ƙari, jikin kyamara rabin kuɗi ne kawai. Akwai gilasai, waɗanda kowane kamfani ya yi wa nasa bakin ɗauri dabam, E na Sony, RF na Canon, Z na Nikon, ta yadda wanda ya tara gilasan gida ɗaya ba ya ƙaura cikin sauƙi. Akwai katin ajiya mai tsada, da batura, da kwamfutar da za ta iya tace hoto mai nauyi. Batun batir ba wasa ba ne a garin da ya shafe watanni cikin duhu bayan an lalata turakun layin wutar Damaturu a Janairun 2021. Haka nan zafi: a watan Afrilu ma'auni kan haura 40 a Maiduguri, kuma ƙaramar kyamarar da ba ta da fanka tana iya ɗaukewa ana tsakiyar wushe-wushe, abin da iyayen amarya ba za su yafe ba. Fankar da ke cikin FX3 da FX30 ta fi amfani a nan a kan ƙarin girman hoto da ake tallatawa.

Abin da zai raba gardama shi ne wanda zai biya kuɗin aikin. Bidiyon biki da na suna da walimar saukar karatu galibi a waya ake kallonsu, ta WhatsApp da Facebook da TikTok, inda ake matse hoton har bambancin hawa ya ɓace. Ƙungiyoyin agaji da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke aiki a Jihar Barno sukan fi kula da tsabtar sauti da ingancin hoto, kyamarar tsakiya kuma tana biya musu buƙata. Kamfanin Netflix ne ke da jerin kyamarorin da ya amince da su don finafinan da ya ba da kwangila, FX3 ma tana ciki, kuma da ita aka ɗauki fim ɗin The Creator na 2023. Aikin da ke buƙatar kyamarar dala 25,000 ba ya zuwa wa shago ko sau ɗaya a shekara, in ya zo kuwa ana iya hayarta daga Legas ko Abuja a sa kuɗin cikin kwangila.

Fitowar sabon samfuri tana da amfani guda tabbatacce ga ƙaramin mai jari. Masu ɗauka a Turai da Amurka da Dubai sukan sayar da tsofaffinsu don su sayi sabuwa, 'yan watanni kaɗan kuma kayan na hannu su iso kasuwar Alaba da Ikeja a Legas, daga nan su hauro Kano da Maiduguri a farashi mai sauƙi. Mai sayen irin wannan sai ya duba awoyin da kyamarar ta yi tana aiki, ya gwada kafofinta ɗaya bayan ɗaya, ya kuma tabbatar idonta ba shi da tabo kafin ya biya.