Inda Babbar Ganga Take Sauka: Yadda Kunne Ke Rarrabe Kaɗe-kaɗen Rawa na Na'ura

A wurin yawancin mutanenmu, duk kiɗan da aka haɗa da na'ura, mai dukan ƙirji ba tsayawa, sunansa ɗaya ne, wato disko. Amma mai faɗin haka shi ne zai jiyo kiɗa daga bayan gari ya gaya maka kalangu ne ko kotso, na mahauta ne ko na fada. Kunnen nan da ya san wannan zai iya rarrabe waɗancan ma, muddin an nuna masa inda zai kasa.

Kusan dukkan waɗannan kaɗe-kaɗe a kan ƙirga huɗu aka gina su: ɗaya, biyu, uku, huɗu, a sake komawa ɗaya. Abin tambaya kullum shi ne a kan wace ƙirga babbar ganga take sauka, a kan wacce tafi yake zuwa, kuma me amon ƙasa, wanda makaɗa ke kira bes, yake yi a tsakani.

Uwar gidan ita ce hawus, kuma a birnin Chicago na Amurka aka haife ta. Daga 1977 Frankie Knuckles yake sa faifai a wani gidan rawa mai suna Warehouse, inda galibin masu zuwa baƙaƙen fata ne, kuma daga sunan gidan ne ake ganin kiɗan ya samo nasa. Da kasuwar disko ta faɗi a ƙarshen shekarun 1970, sabbin faifai suka yi ƙaranci, sai masu sa faifai suka riƙa yayyanka tsofaffi suna jona su, suna ƙara musu dukan na'urar ganga. A 1984 Jesse Saunders ya fitar da "On and On", wanda da yawa ke ɗauka shi ne faifan hawus na farko. Tsarin ba shi da wuya. Babbar ganga tana sauka a kan kowace ƙirga, tafi a kan biyu da huɗu, sai wata siririyar ƙarar ƙarfe da ke shiga tsakanin dukan ganga biyu: dum, tsis, dum, tsis. Saurinsa kamar bugu 120 zuwa 128 ne a minti ɗaya. Abin da ke ba shi ɗumi kuwa shi ne gadon da ya ci. Akwai fiyano, akwai muryoyin mawaƙan da suka tashi a coci, bes ɗinsa yana yawo kamar na jita, sannan ana ɗan jinkirta wasu ƙananan bugu da gangan don kiɗan ya yi rangaji. Wannan rangajin shi nake fara nema idan ina so in tabbatar hawus nake ji.

Tekno kuwa daga Detroit ta fito, birnin ƙera motoci, a lokacin da masana'antunsa ke rufewa. Samari uku da suka yi makaranta tare a garin Belleville, wato Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, sun taso suna sauraron Kraftwerk na Jamus tare da kiɗan baƙaƙen Amurka irin na George Clinton. Idan ka ƙirga gangarsu, daidai take da ta hawus, duka huɗu a jere. Shi ya sa baƙon kunne ke ruɗewa. Sai dai tekno ta rage muryar mutum ƙwarai, ta miƙar da rangajin nan ya zama taku madaidaici kamar na inji, ta kuma ƙara sauri, sau da yawa daga 130 zuwa sama. Ba ta da baiti da amshi. Ɗan guntun amo guda za a yi ta maimaitawa tsawon minti shida ko bakwai, abin da ke sauyawa shi ne launinsa: ya taso a dushe kamar daga cikin rijiya, a riƙa buɗe shi a hankali har ya yi kaifi, a sake rufe shi. Wanda ya zauna jiran amshi a tekno zai ce ba abin da ke faruwa, alhali komai yana motsi, sannu-sannu ne kawai. Berlin ce ta rungumi wannan kiɗa bayan faɗuwar katangarta a 1989, inda gidan rawa na Tresor ya buɗe a 1991, kuma a can ya ƙara tauri da duhu.

Na'urorin da kansu suna da hannu a wannan rarrabuwa. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da na'urar ganga TR-808 a 1980, mai doguwar gangar da ke gurnani, sannan TR-909 a 1983, wadda dukanta gajere ne mai naushi, kuma ita ce ƙashin bayan hawus da tekno. Labarin TB-303 ya fi ban sha'awa. An ƙera ta a 1981 don ta maye wa mai jita gurbin makaɗin bes, ba ta yi kama da bes ɗin gaske ba, ba ta karɓu ba, ta koma kasuwar kayan hannu da araha. A Chicago ’yan ƙungiyar Phuture suka sa ta tana kiɗa suna murza maɓallanta, sai ta riƙa fitar da wani amo mai santsi kamar ɓulɓular ruwa daga bakin tulu. Faifansu "Acid Tracks" na 1987 ya buɗe reshe guda sukutum, wanda da wannan amon kaɗai ake gane shi.

Tirans, wadda ta bunƙasa a Jamus a farkon shekarun 1990, ita ma duka huɗu take yi, tsakanin 130 da 140. Alamarta ita ce a tsakiyar kiɗa a ɗauke ganguna gaba ɗaya, a bar karin waƙa mai faɗi yana hawa, ƙaramar ganga ta shigo tana ƙara sauri, sannan a sako komai lokaci guda.

A Landan ne aka karya dukan huɗun. ’Ya’yan mutanen Jamaika sun gaji al'adar manyan lasifikoki da bes mai girgiza ƙasa, kuma a farkon shekarun 1990 suka haɗa ta da guntayen kiɗan ganga da aka yanko daga tsofaffin faifai. Mafi shahara shi ne ɗan kiɗan daƙiƙa shida zuwa bakwai da Gregory Coleman ya yi a "Amen, Brother" na ƙungiyar The Winstons a 1969. An hanzarta shi, an daddatsa shi, an gina dubban faifai a kansa, shi kuwa Coleman har ya rasu a 2006 bai ci moriyar wannan aro ba, abin da har yau yake sosa mini rai. Kiɗan da ya fito shi ne jangul, wanda daga baya aka ƙara masa suna kiɗan ganga da bes. Gangunan suna gudu 160 zuwa 175 a minti, suna tuntuɓe da juna, bes kuwa yana tafiya da rabin wannan sauri kamar na rege. Mai rawa yana da zaɓi ya bi na sama ko ya bi na ƙasa.

Ƙanin jangul, dabsitef, ya taso a unguwar Croydon ta kudancin Landan a farkon shekarun 2000, kuma shi ne hujjar cewa lambar sauri ba ta isa rarrabe kiɗa ba. Saurinsa 140 ne, daidai da tirans mai zafi. Amma tafinsa sau ɗaya yake sauka, a kan ƙirga ta uku, sai jiki ya ji kamar 70 ake yi, ga fili wayam tsakanin bugu da bugu, bes yana kaɗawa a ciki.

A nan ya kamata a faɗi dalilin da ya sa duk suke zama iri ɗaya a wayar hannu. Kunnen ɗan Adam yana fara jin amo daga kaɗawa 20 a daƙiƙa, kuma bes ɗin jangul da dabsitef yana zaune ne ƙasa da 60, inda ƙirji ya fi kunne ji. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da wannan. Wanda ya saurare su a waya rabin kiɗan kawai ya ji, rabin da ya fi kama da na sauran kaɗe-kaɗen.

Reshen da ya iso ƙofar gidanmu shi ne amapiano, daga unguwannin Pretoria da Johannesburg na Afirka ta Kudu, wanda Kabza De Small da DJ Maphorisa suka ɗaukaka, mawaƙan Legas irin su Asake suka ɗauka. Sunan a harshen Zulu yana nufin fiyanoni, kusa da yadda muke ce wa kiɗan situdiyo na Kano kiɗan fiyano. Jikan hawus ne, amma ya sauko zuwa wajen 112, babbar gangarsa ta yi laushi, kacau-kacau ne ke riƙe da taku. Nauyin duka yana kan wani bes da ake duka kamar ganga, mai hawa da sauka a murya, ya yi shiru, ya faɗo inda ba a zata ba. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗin kalangu yana matse tsarkiya a hammata, muryar fata tana tashi tana sauka, zai gane abin da wannan bes yake yi tun a jin farko.