Firinta Mai Ɓatan Dabo: Dalilan Yankewarta Daga Kwamfutoci da Hanyoyin Gano Su

1.0 Gabatarwa

Dagumawa ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Wudil ta Jihar Kano. Tun da aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Wudil cikin shekarar 2001, wadda aka raɗa wa sunan Aliko Dangote a 2022, sana'ar buga takardu ta samu gindin zama a wannan yanki. Ta ƙara haɓaka a 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, domin kowane ɗalibi sai ya fitar da takardar shaidarsa. Mai shagon da ya ɗan yi ƙarfi yakan haɗa kwamfutoci huɗu ko biyar da firinta guda, kowace tana aika mata aiki.

Sai dai wannan tsari yana da wata cuta mai ban takaici. Firinta takan yi aiki lafiya lau da hantsi, da azahar a neme ta a rasa, alhali ga ta nan a kunne. Ɗalibin da zai miƙa kundin bincikensa gobe yana tsaye, mai shago yana faɗa da yaronsa, har wani ya sayar da injin lafiyayye da arha bisa zaton ya mutu. Wannan maƙala za ta bayyana manyan dalilan matsalar, musamman inda kwamfutocin ba iri ɗaya ba ne, sa'an nan ta nuna yadda ake binciko ta.

2.0 Matsalar Adireshi

Kowace na'ura da ke kan layin sadarwa tana da lamba wadda ake kiran ta da ita, wato adireshin IP, mai kama da 192.168.1.20. Galibi rauta ce ke raba waɗannan lambobi ta wani tsari mai suna DHCP, kuma aro take bayarwa na ƙayyadadden lokaci, ba kyauta ba. Misalin wannan shi ne ɗan kasuwar da ba shi da rumfa a kasuwar Wudil ta ranar Juma'a. Wannan mako an zaunar da shi a nan, mako mai zuwa an ba shi wani wuri. Mai cinikinsa ya je inda ya saba, bai gan shi ba, sai ya ce bai zo kasuwa ba.

Haka abin yake ga firinta. Ranar da aka haɗa ta, kwamfuta ta riƙe lambarta. Da an ɗauke wuta, ƙananan rautoci da yawa sukan manta wanda suka ba kowace lamba, idan an tayar da janareta sai su sake rabo. Firinta ta samu sabuwar lamba, kwamfuta kuwa tana ta sallama a tsohuwar. Wani lokaci ma firinta kan riga rauta farkawa. Idan ta nemi lamba ba ta samu mai ba ta ba, sai ta yanka wa kanta wata mai farawa da 169.254, wadda sauran na'urori ba sa isa gare ta. A wurin da ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareta sau uku ko huɗu a yini, wannan shi ne dalilin da ya kamata a fara zargi.

Akwai kuma inda ake yin sarki biyu a gari ɗaya. Idan layin intanet ya yi rauni, wani yakan jona rauta ta biyu ba tare da ya hana ta rabon lambobi ba. Daga nan sai na'urori su rabu gida biyu, ko kuwa lamba ɗaya ta faɗa hannun na'ura biyu, wannan ta amsa yanzu, waccan ta amsa an jima. Maganin duka shi ne a bar mai rabo guda ɗaya, kuma a keɓe wa firinta lambarta ta dindindin a cikin rauta, kamar yadda ake yanka wa ɗan kasuwa rumfa.

3.0 Bambancin Harshe Tsakanin Na'urori

A manyan ofisoshi da makarantu akan ajiye kwamfuta ɗaya wadda ake kira uwar garke, ita ke karɓar ayyuka ta jera su ta miƙa wa firinta. Wata uwar garken Windows ce, wata Linux, ga kuma masu riƙe da kwamfutar Apple. Kowace tana da harshen da ta fi sabawa da shi, tamkar Kara ta Wudil inda Bafillace ke sayarwa, mutumin kudu ke saye, dillali na tsakani.

Mafi tsufa cikin waɗannan harsuna shi ne LPD, wanda ya samo asali daga Unix, yana shiga ta ƙofa mai lamba 515. Akwai kuma aikawa kai tsaye ta ƙofa ta 9100, wadda kamfanin HP ya yaɗa. Sai IPP mai ƙofa ta 631, wanda tsarin CUPS ke amfani da shi. Shi CUPS ya fito a 1999, Linux da Apple duka suka ɗauke shi. Windows kuwa ta saba raba firinta ta hanyar SMB. Idan firinta tsohuwa ce mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, aka yi mata rubdugu ta ƙofofi uku a lokaci guda, takan riƙe aiki ɗaya ta ƙyale saura, su kuwa su ba da rahoton cewa ta yanke.

Bugu da ƙari, harsunan kansu suna sauyawa. Bayan annobar WannaCry ta watan Mayu na 2017, kamfanin Microsoft ya daina kunna tsohon SMB na farko a sababbin fitowar Windows 10, saboda haka tsofaffin na'urorin da shi kaɗai suka iya sai aka daina jin su. Haka kuma a 2021 an gano wata ɓaraka a sashen buga takardu na Windows, wadda aka yi wa laƙabi da PrintNightmare. Gyaran da aka yi mata ya tsananta sharaɗin ɗora direban firinta, wato 'yar manhajar da ke fassara aiki, har ya zamana sai mai cikakken iko a kan kwamfuta. Wurare da dama a duniya sun wayi gari wasu kwamfutocinsu na bugawa, wasu ba sa yi.

Wani abin lura shi ne, Windows takan riƙa tambayar lafiyar firinta ta hanyar SNMP. Idan amsa ba ta zo ba, sai ta rubuta cewa ba ta nan, ko da kuwa ƙofar karɓar aiki a buɗe take. Kashe wannan tambaya a saitin ƙofar, ko daidaita kalmar da ɓangarorin biyu ke gaisawa da ita, yakan warware lamarin nan take.

Ga ɗalibin Hausa akwai ƙarin hattara. Rubutun da aka kai wata kwamfuta wadda ba ta da irin haruffan da aka rubuta shi da su, yakan fito da ɗan akwati ko alamar tambaya a gurbin ɓ da ɗ da ƙ. Mayar da kundi PDF tare da haruffansa kafin a kai shi shago yana kare wannan.

4.0 Barci, Wuta da Ƙura

Firintocin zamani sukan yi barci idan sun jima babu aiki, domin rage cin wuta. Wasu idan barcin ya yi nauyi ba sa amsa kira, musamman waɗanda ke kan waya-iska. Alamar wannan ita ce aikin farko bayan dogon shiru shi ke maƙalewa.

Ita kuwa firinta mai aiki da garin tawada tana da wani ɓangare mai zafi da ke manna garin a jikin takarda, kuma yana jan wuta da ƙarfi yayin da yake ɗumama. A kan ƙaramin janareta wannan ja yakan sa wuta ta yi ƙasa, rauta ta mutu ta sake tashi, rabon lambobi ya koma sabo. Don haka ya kyautu a ɗora rauta a kan batirin ko-ta-kwana, ita kuwa firinta kada a jona ta a kansa. Kada kuma a raina kebul: tsawonsa bai kamata ya wuce mita 100 ba, kuma kan da haƙorinsa ya karye ko ƙurar hunturu ta cika shi yakan kama ya saki.

5.0 Yadda Ake Bincike

Hausawa na cewa sai an san ciwo ake neman magani. Matakin farko shi ne a ajiye littafi, a riƙa rubuta lokacin da firinta ta ɓace, da kwamfutar da ta rasa ta, da abin da ya faru gabanin haka. Cikin mako guda littafin zai nuna hanya. Idan duka kwamfutoci ne suka rasa ta tare, a duba adireshi da kebul da wuta. Idan masu Windows ne kaɗai, ko masu Linux kaɗai, to matsalar harshe ce ko ta direba. Idan bayan sauya wuta ne, a sa firinta ta buga takardar bayanin kanta, a gwada lambar da ke jiki da wadda kwamfuta ta riƙe. Umarnin ping yana nuna ko tana amsa sallama. Jona ta da kwamfuta ɗaya ta kebul na USB kuwa yana tabbatar da ko injin kansa lafiya yake.

Sharaɗi babba shi ne a sauya abu ɗaya a lokaci guda, a jira a ga sakamako. Wanda ya taɓa abu biyar tare, ko ya dace bai san wanne ne ya yi magani ba.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa sau da yawa laifin ba na firinta ba ne, na hanyar da ke kai mata saƙo ne. A keɓe mata lamba, a bar uwar garke ɗaya ta riƙa miƙa mata aiki ta ƙofa ɗaya, a tsare rauta daga ɗaukewar wuta, a kuma riƙe littafin lura. Mai shagon da ya kiyaye waɗannan huɗu zai tsira da jarinsa, ɗalibi kuma ya miƙa kundinsa a kan kari.