Faɗuwar Suga ga Tsofaffi Masu Ciwon Suga a Giyawa da Kewayenta

A Amurka da Turai, ma'aikatan jinya ne ke auna jinin tsofaffi a gidajen kula da su. A Giyawa ta ƙaramar hukumar Goronyo, da ƙauyukan Wurno da Rabah, wannan nauyi yana wuyan 'ya'ya da surukai da jikoki. Don haka fahimtarsu ga cutar tana da tasiri ga lafiyar majiyyaci.

Sunan “ciwon suga” kansa yana karkatar da hankali ga hauhawar suga kaɗai, alhali faɗuwarsa ƙasa da 70 mg/dL na iya kashe tsoho cikin gaggawa. A shekarar 2008 an dakatar da tsattsauran magani a binciken ACCORD, wanda ya nemi mayar da ma'aunin HbA1c ƙasa da kashi 6, saboda mace-mace sun ƙaru. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka tana ganin ƙasa da kashi 8 ya wadatar ga tsoho mai tarin cututtuka.

Ƙwayar glibenclamide tana daɗewa a jikin wanda ƙodarsa ta raunana. Idan ya sha ta bai karya ba, ko ya ɗauki azumi bai nemi shawarar likita ba, sai gumi da makyarkyata da ruɗewa su biyo baya. A gida kuwa akan danganta ruɗewar da tsufa ko iska, a kuma hana shi ruwan sukarin da zai farfaɗo da shi muddin yana iya haɗiya, wai don gudun ƙara masa ciwo.