Kurkunu Ya Sauya Hanya: Daga Tafki Zuwa Cikin Kifi

Matasan yau da yawa ba su taɓa ganin kurkunu da idonsu ba. A 1988 an ƙirga masu ɗauke da shi sama da 650,000 a Najeriya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Najeriya da Nijar sun rabu da shi, bayan gwagwarmayar da Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon suka tsaya a kai. Amma a maƙwabciyarmu Chadi da sauran rina a kaba.

Abin da aka sani tun da can shi ne, ana kamuwa ta shan ruwan tafki mai ɗauke da ƙananan ƙwarin da suka haɗiye 'ya'yan tsutsar kurkunu. Sai ga shi a 2012 an fara ganin tsutsar tana fitowa a ƙafafun karnuka a ƙauyukan masunta na gaɓar kogin Shari. Masana sun fi zargin kayan cikin kifi da ake jefa wa karnuka ɗanye, da kifi ko kwaɗon da bai dahu ba. Ke nan tace ruwa kaɗai bai wadatar ba.

Wahalar gano kurkunu ita ce ba ya nuna kansa da wuri. Mutum zai shekara lafiya ƙalau, sannan bororo ya taso, galibi kusa da idon sawu, da zugi kamar an ɗora garwashi. In ya fashe, sai kan farar tsutsa ya leƙo. Tsawonta kan kai mita ɗaya. Zugin ne ke kai mai ciwon ya tsoma ƙafa a tafki, ita kuma nan take ta zubar da dubban 'ya'ya.

Babu ƙwaya, babu allurar rigakafi. Ma'aikacin lafiya yakan wanke gyambon, ya naɗe tsutsar a bandeji ko tsinke, ya ja kaɗan kowace rana, wani lokaci har makonni. Gaggawa ce babban haɗari: in ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura, ruɓa ta shiga, gaɓa ma na iya sandarewa.

Masuntanmu da ke zirga-zirga zuwa Chadi su ne suka fi damuna. Su dafa kifi ya dahu sosai, su binne kayan cikinsa, kuma duk wanda ya ga farin zare na fitowa daga gyambon mutum ko na kare, ya hana shi shiga ruwa, ya kai rahoto asibiti a ranar.