Kuɗin Jama'a: A Buɗe Littafi Kowa Ya Gani

Duk wanda ya bi ƙasar Kura da Bunkure da rani zai ga gonaki kore shar, shinkafa da alkama, tumatir da albasa, alhali kuwa ba a yi ruwan sama ba wata da watanni. Ruwan nan daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gama ginawa a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Yana bin babbar hanyar ruwa, ya rabu cikin ƙanana, har ya kai kan gonar kowane manomi. Tun 1976 Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are ce take lura da wannan aiki.

Amma hanyar ruwa ba ta gyara kanta. Laka takan cika ta, kachala takan toshe ta, ƙofofin ƙarfe sukan yi tsatsa. Saboda haka aka haɗa manoma cikin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 domin gyaran ayyukan ban ruwa a Arewa, har da na Kano, a cikin shirin da ake kira TRIMING. Ɗaya daga manufofinsa ita ce ƙungiyoyin nan su riƙa karɓar kuɗin ruwa daga hannun manoma, su lura da ƙananan hanyoyin da kansu.

To, a nan ne maganarmu take. Ƙungiya irin wannan ba ta ciniki domin riba. Jarinta ɗaya ne tak, watau yardar jama'a. A ce manomi ya biya kuɗin ruwa bana, baɗi ya tarar hanyar tana nan a toshe, ba wanda ya faɗa masa inda kuɗin ya shiga. Zai sāke biya? Da wuya. In shi ya ƙi, maƙwabcinsa ma zai ƙi, gyara ya tsaya, waɗanda gonakinsu suke can ƙarshen hanya kuwa su ne za su fara ganin shukarsu tana bushewa. Ashe littafin lissafi da aka ɓoye yana iya kashe gona kamar yadda fari yake kashewa.

Haka abin yake a wurinmu. Muna da baiko na ran Lahadi, da zakka, da godiyar kaka, da asusun zumuntar mata, da gudummawar ginin majami'a, wani lokaci har da taimako daga ƙasashen waje. Yawancin ma'ajinmu mutanen kirki ne masu aiki ba albashi. Duk da haka, inda ba a ba da lissafi, zato yakan shigo, ƙunƙuni ya biyo baya, hannun masu bayarwa ya yi sanyi.

Wannan ba sabon abu ba ne. Littafin Sarakuna na Biyu, sura 12, ya ba da labarin Sarki Yowash, wanda ya kai shekara 23 a kan mulki ba a gyara Haikali ba, ko da yake ana karɓar kuɗi. Sai Yehoyada firist ya huda murfin akwati ya ajiye shi kusa da bagade. In kuɗi ya taru, magatakardan sarki da babban firist sukan ƙirga tare, a miƙa wa masu lura da aikin. Daga nan gyara ya kankama. Bulus ma bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai tare da waɗanda ekklisiyoyi suka zaɓa.

Hukuma ma ta sa baki. A watan Agusta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, CAMA, wadda ta ce ƙungiyoyi masu rajista su riƙa ajiye littattafan kuɗi su kai rahoto, ta kuma ba hukumar rajista ikon dakatar da amintattu a sashe na 839. Ƙungiyar CAN ta ƙi wannan sashe ƙwarai, a 2023 kuwa Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke shi da waɗansu sassa. Mu dai a ganinmu, jama'ar da take duba littafinta da kanta ta rage wa baƙo hujjar shigo mata gida.

Ga abin da kowace ƙungiya za ta iya yi ba tare da kashe kwabo ba. Kada mutum ɗaya ya ƙirga kuɗi, a sa biyu ko uku waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, su sa hannu nan take. A ba da rasit a kan kowane abin da ya shigo, a nemi rasit a kan wanda ya fita. A ajiye kuɗi a banki da sunan ƙungiya, kada a cire sai da sa hannun mutum biyu. Kuɗin da aka ba da domin rijiya kada a karkatar da shi ga sayen kwanon rufi sai an tambayi masu bayarwa. A rubuta kyautar hatsi da ta dabba kamar yadda ake rubuta kuɗi. Kowane wata uku a karanta lissafi da Hausa a gaban jama'a, domin tsohuwar da ba ta iya karatu ba ita ma ta ji, sa'an nan a manna shi a bango. Sau ɗaya a shekara a gayyato wani daga waje ya bincika.

Waɗansu za su ce, ai tambayar lissafi raini ne ga shugabanni. Ba haka ba ne. Ma'aji mai gaskiya shi ne ya fi kowa cin moriyar buɗaɗɗen littafi, gama shi ne zai wanke shi ran da bakin mutane ya taso. Gani ya kori ji.

'Yan'uwa, in taron shekara ya zo, ku je, ku yi tambaya cikin ladabi. Ku kuma masu riƙe da jaka, kada ku jira sai an tambaya.